Ƙofa ta Uku a Sarewar Surukina

Shekara shida ina auren ƴar mutumin nan ban taɓa yi masa laifin da ya kai a ɗaga ido ba, sai ranar da na zauna a kan sarewarsa. Farkon babban hutu ne, ruwan shuka ya sauka, na ɗauko maiɗakina a moto, wato babur ɗina, daga Dungas muka tafi gaishe su a ƙauyensu, can bayan Yekuwa. Surukina manomi ne mai ƴan shanu, jikan mutanen da suka gaji da yawo suka kafa gida kusa da rijiya, suna noman gero suna kiwo. Surukuwata, wadda nake kira Inna, ta fito da sauri ta shimfiɗa mini tabarma a gindin aduwa, nesa da tasa kamar yadda ya kamata. Garin sauri ba ta lura da abin da ke kwance a rairayi ba. Na cire takalmi, na tattare babbar riga, na zauna da nauyina duka, kuma ni ba ƙaramin mutum ba ne. Sai na ji ƙas a ƙarƙashina.

Kowa ya ji, kowa kuma ya yi kamar bai ji ba. Surukina ya ci gaba da tambayata lafiyar ƴan lakwal, wato ɗaliban makarantarmu, da labarin ruwa a wajenmu. Ni kuwa ina amsawa, ina jin tsagaggiyar gora tana sukata ta cikin tabarma, ina fatan ƙasa ta tsage in shige. Da na tashi yin alwala, Inna ta zo ta naɗe tabarmar, ta kwashe gutsattsarin cikin gefen zanenta, ta zuba su a murhu. Rufin asiri ta yi mini, ta yi wa kanta. Daga baya na gane da ta bar mini ko da ɓari ɗaya, da ban sha wahalar wata uku ba.

Dole in faɗi yadda muke da shi, don a gane sauran labarin. Kunyar surukai a gidansu ba ta wasa ba ce. Ba na cin abinci a gabansa, ba na kallon fuskarsa, ba na miƙa masa hannu. In na zo, daga nesa nake durƙusawa, idona a kan babban yatsan ƙafata, shi kuma hannayensa cikin hannun riga. Yana kirana Mushe, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal, ina kiransa Baba. Mahaifina ya rasu ina goye, saboda haka kalmar nan ban saba da ita ba, kuma duk lokacin da na faɗe ta sai na ji daɗinta a bakina, ko da yake ban taɓa gaya wa kowa ba.

A hanyar komawa maiɗakina ta bari sai da muka wuce rairayin nan mai kayar da moto. Sannan ta gaya mini, ba faɗa ba tsawa, cewa sarewar ta girme ta. Shi ya huda ta da kansa tun yana da ƙarfi. Kullum da la'asar sakaliya yakan zauna a bakin rijiya yana busawa har shanu su gama sha. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, hannunsa yana rawa, ba zai iya riƙe ƙusa mai zafi ya huda wata ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Bayan mako biyu ƙanwarta ta kira ta a salula ta ce Baba ya daina zuwa rijiya, yana wuni a zaure, tuwon ma sai an matsa masa.

Ni malamin lissafi ne da kimiyya a kwaleji, kuma a lokacin ina da ciwon da yawancinmu muke da shi, wato na yarda duk abin da ke duniya in ka ba ni sandar awo da kaye, wato littafin rubutu, zan kamo shi. Na ce wa maiɗakina ta kwantar da hankalinta, sarewa ai iska ce cikin bututu, kafin gero ya yi bununi zan yi wa Baba wadda ta fi tsohuwar. Ta dube ni ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da take faɗin haka in na ce zan gyara famfo.

Akwai wani ɗan piyano mai aiki da pil, wato batir, a ofishin direktanmu, na aro shi. Na san do, re, mi tun makarantar horar da malamai. Abin da aka koya mana shi ne: in ka kama murya ka yi ta hawa, za ka isa inda muryar nan ta sake dawowa amma siririya, kamar uwa da ƴarta. Tazarar da ke tsakaninsu an raba ta gida goma sha biyu daidai wa daida, kamar matakalar tsani, kuma duk kiɗa a kan tsanin nan yake takawa. Haka na ɗauka, ban taɓa tambayar wa ya raba ba. Na sayo tiyon ruwa a kasuwar Dungas, na sauke wata manhaja a salula mai allura kamar ta sikeli, wadda in ka busa take nuna maka ko ka hau matakala ko ka kauce. Sarewar Baba ƙofa huɗu gare ta, murya biyar. Na zaɓi muryoyi biyar masu daɗi a piyano, na yi lissafi, na huda. Allura ta tsaya cak a tsakiya, kowace ƙofa.

Kaina ya kumbura. Abokaina na fada, da muke shan shayi da su bayan la'asar, suka sa mini suna mai gyaran tiyo, ko a jikina. Na ba wani ɗan kabu-kabu mai zuwa Yekuwa ya kai. Amsa ta dawo ta bakin ƙanwar maiɗakina: Baba ya gode ƙwarai, ya sa albarka, ya ce sarewar tana da kyau, irin ta rediyo ce. Ya busa sau ɗaya, ya sa an soke ta a jikin danga. Na tambaya ko ya koma rijiya, aka ce a'a.

Maiɗakina ce ta tuna tana da muryar tsohuwar sarewar a salularta. Ƙanwar tata ta taɓa ɗauko mata a bakin rijiya, ta aiko mata lokacin da take kewar gida. Minti biyu ne da ƴan kai, da kukan jaki a ciki da ƙarar guga. Na ari salular, na ɗora tawa kusa da ita, na kunna, ina kallon allura. Ko murya ɗaya ba ta hau matakala ba, sai ta farko, ita ma don daga nan na fara ƙirga. Sauran duk a tsakani suke sauka, inda piyano ba shi da maɓalli. Da fari na ce salular ce ta tsufa. Na saurara sau ba adadi, ina rubutawa a kaye, kullum wuri ɗaya allura take komawa. A nan jikina ya yi sanyi. Mutumin nan shekara talatin da wani abu yana taka tsani, kuma ba nawa ba ne.

Daga sanyin jiki kuma sai abin ya koma mini daɗi, irin daɗin da na manta tun ina ɗalibi. In dai wani ne ya raba tazarar nan gida goma sha biyu, me zai hana ni in raba ta yadda ta dace da Baba? Na shimfiɗa kaye a tsakar gida. Na raba ta ashirin da huɗu, muryoyinsa suka ƙi zama. Na gwada sha bakwai, na gwada sha tara, ina zana tsani iri-iri da bik, wato biro, ja da shuɗi, maiɗakina tana tsallake ni da kwanon wanke-wanke. Rannan ina cin ɗanwake sai abin ya faɗo mini: murya biyar gare shi, me ya sa nake neman matakala da yawa? Na ture kwano, na raba tazarar gida biyar cif. Kowane taki ya ɗara matakala biyu na piyano, bai kai biyu da rabi ba. Na ɗora muryoyin Baba a kai, huɗu suka zauna kamar don su aka yi.

Ɗaya ce ta ƙi, muryar ƙofa ta uku. Tana ƙasa da inda lissafi ya ce, da kamar sulusin matakalar piyano. Na dube ta, na dubi kyan tsanina, na yanke hukunci irin na malami mai jan bik: kuskure ne. Tsoho ne, numfashi ya gaza, ko hannunsa ya goce ranar da yake hudawa. Na ce ai taimako ma zan yi masa, in gyara masa abin da ya daɗe yana fama da shi. Na huda sabon tiyo a kan tsanina mai gida biyar, na busa wa maiɗakina. Ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce ya yi kama. Na ce kama kawai? Ta ce to, kamar ka ga mutum daga baya ka ɗauka yayanka ne.

Wannan karon da kaina na kai, gero ya kai gwiwa. Kafin in zauna sai da na ɗaga tabarmar na leƙa ƙarƙashi, na ji Inna ta yi tari a bayan danga, irin tarin da ake ɓoye dariya da shi. Na miƙa wa maiɗakina sarewar, ta miƙa masa. Ya shafa ta, ya kai baki, ya fara. Ta farko, ta biyu, kansa ya fara kaɗawa, zuciyata ta yi fari. Da ya zo ta uku sai ya tsaya. Ya koma farko, ya sake zuwa nan ya tsaya. Sau uku yana yi, sannan ya ɗora ta a cinya.

Ya ce, "Mushe ya yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Hanyar ce wannan. Sai dai akwai wata ƴar gangara da nake bi in sauka, an cike ta."

Ba da ni yake magana ba, da ƴarsa yake, ni ina gefe ina saurare kamar yadda aka saba. Amma kunnena ya yi zafi, don na san gangarar da yake nufi, kuma na san wanda ya cike ta.

Na koma gida na buɗe kaye, na soke layin da na yi wa gyara, na mayar da muryar inda na same ta. Tsanin ya zama mai matakala ɗaya karkatacciya. A ido ba shi da kyau, kuma ya ɗauke ni kwana biyu kafin in daina jin haushinsa. Na kuma ce tiyo ya isa haka. Wani ɗan kasuwa a Mallawa mai shiga Najeriya ya kawo mini sandunan gora uku masu kauri ɗaya. Na ɗauki guda, wannan karon ban huda da ido kamar yadda na yi wa tiyo ba, na ja layi miƙaƙƙe da sandar awo daga sama har ƙasa, na jera ƙofofi a kansa, ta ukun na sauko da ita ƴan milimita. Na busa, allura ta tsaya daidai inda ta tsohuwar take tsayawa. Maiɗakina tana ɗaki tana ninke kaya, ta fito ba ɗankwali ta tsaya a bakin ƙofa. Na ce yawwa, an zo wurin.

Muka koma ana gab da buɗe lakwal, gero ya nuna, wake ya fara ƴaƴa. Na ɗaure sauran gora biyun a bayan moto, ba don komai ba sai don na ba shi ya yi abin da ya ga dama da su. Baba ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya karɓi sarewar, ya sansana ta, ya ce gora ce ta gaske. Ya kai baki. Abin da ya fito ba murya ba ce, huci ne kawai, kamar tayar da ƙaya ta soka. Ya gyara riƙo, ya sake, huci. Ni da na busa ta jiya ta yi ras. Na rasa inda zan sa kaina. Wata uku, kaye guda cike da lissafi, ga shi tsoho ya kasa fitar da ko murya ɗaya a gaban matarsa da ƴarsa, kuma ni na jawo masa.

Ya ajiye ta. Na fara tunanin yadda zan yi sallama. Sai ya ce, kuma wannan karon da ni yake:

"Mushe, matso nan."

Na ja jiki kaɗan.

"Matso dai. Ni ba na gani, kai kuma ba ka kallo. In muka ci gaba a haka, sai mu shekara."

Na matsa har gwiwata ta taɓa bakin tabarmarsa. Ya zaro hannun dama daga cikin riga ya ɗora a kan nawa. Manuninsa a karye yake tun daga gaɓa ta tsakiya, ya lanƙwashe ya kwanta wajen ɗan'uwansa, ƙarshensa yana kallon gefe. Ya ce igiyar guga ce ta kama shi yana saurayi, bijimin da ke jan gugan ya ja kafin ya saki. Maiɗakina ta san yatsan nan tun tana rarrafe, Inna ta fi ta sani, amma ba wadda ta taɓa haɗa shi da sarewa, ni kuwa ban taɓa ganinsa ba. Ƙofar da na huda a kan miƙaƙƙen layi, yatsan ba ya kaiwa ya rufe ta, iska tana zurarewa ta gefe.

Ya ce a wajensu ba a auna sarewa da komai sai da hannun mai ita. Ya sa Inna ta kawo tukunya, ya ce in lakato baƙin gindinta in shafa masa a kan yatsu huɗu, biyu dama biyu hagu. Na riƙe hannun surukina ina shafa masa baƙin tukunya. Na kwanto gora ɗaya daga moto na ba shi. Ya kai ta baki kamar zai busa, ya saki kafaɗu, ya bar yatsun suka sauka inda suka saba sauka, ya danna. Da ya ɗaga, ga tabo huɗu baƙaƙe. Uku a layi, na ukun ya sauka ƙasa kaɗan ya koma gefe.

Inna ta sa ƙusa a garwashi, ta kawo mini da ƴar awartaki. Na huda a kan kowane tabo, ƙauri yana tashi, shi kuma yana karɓa yana gwadawa yana cewa in ƙara buɗa wannan, in bar wancan haka. Sandar awona tana cikin jaka, ban ko tuna da ita ba. Da muka gama ya share bakin gorar da gefen riga, ya busa. Ta farko, ta biyu, ya zo ta uku ya gangara abinsa ya wuce, bai tsaya ba.

Zan so in ce shanu sun taso a guje daga daji, amma ƙarya ba kyau. Wata tsohuwar saniya da ke ɗaure a turke ta ɗaga kai, ta ci gaba da tuƙa. Inna ce ta tsaya da muciya a hannu har tuwo ya fara kamawa. Maiɗakina ta juya baya tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Ni kuma, da yake hali ba ya barin mutum, na zaro salula a ɓoye cikin hannun riga na duba. Allura tana nan daidai inda na sha wahalar wata uku kafin in yarda da ita. Dariya ta kama ni, na danne, ta ƙi dannuwa. Baba ya cire sarewar daga baki ya tambaye ni me na'urar ta ce. Na ce ta ce daidai ne. Ya ce to madalla, a gaishe ta.

Na fara ja da baya zuwa tabarmata, don na ga aiki ya ƙare, kowa ya koma matsayinsa. Sai ya tambaya ko ba gora biyu ya ji an ce na kawo ba. Na ce saura ɗaya. Ya ce in ɗauko. Ya laluba ya jawo tukunyar da kansa, ya lakato baƙin, ya miƙo hannu yana neman nawa a iska.

"Kawo hannunka, ɗana. Kai ma a yi maka taka."

Ya bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, yana cewa yatsun alli ne, ba su san igiya ba. Ina da shekara arba'in da ɗaya a lokacin, kuma ba wani babba namiji da ya taɓa riƙe hannuna haka. Murna ta cika ni, na sunkuyar da kai, aka ɗauka kunya ce.

Tawa sarewar tana nan rataye a ɗaki. Na auna ta, ba ta hau tsanin piyano ba, ba ta hau mai gida biyar ba, ba ta hau na Baba ba, kuma abokaina na fada sun ce in na busa kamar akuya ta shiga gonar mutane. Na buɗe mata shafi a kayen, kusa da nasa. Washegarin ranar da muka huda su, muna isa Dungas, ƙanwar maiɗakina ta kira ta ce Baba ya tafi rijiya tun kafin a saki shanu. Maiɗakina ta ɗauki babbar rigata za ta jiƙa, ta ga shatin yatsu huɗu baƙaƙe a kafaɗa, inda ya dafa ni da zai miƙe. Na ce ta ajiye wannan, akwai wasu rigunan da za a wanke.